Jaridar Da Aka Jefa A Kogi

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Kansas. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ta alkama da kiwon shanu. Amma a shekara ta 1854 ba ta zama jiha ba tukuna, bakin iyaka ce, watau inda garuruwan Turawa suka tsaya, fili ya soma. A nan ne aka yi wata jarida mai suna Herald of Freedom, ma'anar sunan kuwa Mai Shelar 'Yanci. Ba ta yi tsawon rai ba, shekarunta ba su wuce shida ba. Amma cikin wannan ɗan lokaci an komo da ita daga gidan waya, an tsare editanta, an farfasa injinta, an watsa baƙaƙenta a titi da cikin kogi. Duk wannan bai kashe ta ba. Abin da ya kashe ta wani abu ne dabam, shi ne kuwa ya sa labarinta ya isa a ji.

ASALIN RIGIMAR

Amurka tarayya ce ta jihohi. A shekara ta 1854 jihohin 31 ne. A cikin 15 na kudu doka ta yarda mutum ya mallaki bayi, a cikin 16 da suka rage kuwa an hana. Bayin nan baƙar fata ne, zuriyar waɗanda aka kwaso daga Afirka, yawansu ya haura miliyan 3, su ne ke noman auduga da rake da taba. Kowace jiha, babba ko ƙarama, wakili biyu ta ke aikawa Majalisar Dattawa a birnin Washinton. Saboda haka duk sa'ad da za a ƙara sabuwar jiha sai hankalin kowa ya tashi, don wakilan nan biyu suna iya karkatar da ma'auni zuwa kudu ko zuwa arewa.

Sabuwar ƙasa kuwa ba rana ɗaya ta ke zama jiha ba. Da fari ta kan zauna a hannun Gwamnatin Tarayya, kamar yaro a hannun mai riƙonsa. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa mata Gwamna da manyan alƙalai, mazaunanta kuwa su zaɓi 'yar majalisarsu. In mutane suka yi yawa, suka rubuta tsarin mulkinsu, Majalisar Tarayya ta amince, sa'an nan ta zama jiha. Irin wannan ita ce ƙasar riƙo.

Tun shekara ta 1820 an yi wani sulhu tsakanin kudu da arewa. Aka ja layi a taswira, aka ce arewa da layin nan ba za a yi bauta ba, in banda jihar Missouri. Kansas tana arewa da layin. Amma ran 30 ga watan Mayu, 1854, Shugaba Franklin Pierce ya sa hannu a wata sabuwar doka wadda Stephen Douglas, wakilin jihar Illinois, ya kawo. Dokar ta mai da Kansas ƙasar riƙo, ta soke tsohon sulhu, ta ce mazaunan ƙasar su ne za su yanke da ƙuri'a ko a yi bauta ko kada a yi. A baki maganar ta yi daɗi. Amma kowa ya gane ma'anarta: wanda ya riga kai mutanensa, shi ya ci.

Sai tsere ya tashi. Mutanen Missouri su ne a kusa, don iyakarsu ɗaya da Kansas, waɗansunsu masu bayi ne, suna tsoron in maƙwabciyarsu ta hana bauta bayinsu za su sami wurin gudu. Can kuma a arewa maso gabas, a jihar Massachusetts, wani mutum mai suna Eli Thayer ya kafa kamfani don taimakon masu ƙin bauta su yi ƙaura zuwa Kansas. Ayarinsu na fari ya iso cikin watan Agusta, 1854, suka kafa gari a bakin Kogin Kansas, suka sa masa suna Lawrence, sunan wani attajiri da ya ba kamfanin kuɗi.

Kada a zaci ƙasar ba ta da masu ita. Akwai 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa suka kira Indiyawa. Daga sunan wata kabilarsu, Kansa, aka samo sunan ƙasar. Akwai kuma waɗansu kabilu, kamar Shawnee da Delaware, da Gwamnati ta taso daga gabas ta zaunar da su nan da alkawarin ba za a sake tashinsu ba. Har ma jaridar da aka fara bugawa a ƙasar da harshen Shawnee aka buga ta, a shekara ta 1835. Amma a 1854 aka sa su suka sa hannu a takardu, aka karɓe yawancin filayensu. Da masu son bauta da masu ƙinta, a kan wannan kam bakinsu ɗaya ne.

JARIDA KAFIN GARI

Wani abin mamaki game da bakin iyakar Amurka shi ne, sau da yawa jarida ta kan riga gari zuwa. Jaridar Turanci ta fari a Kansas an buga ta a Leavenworth ran 15 ga Satumba, 1854, an kuwa jera baƙaƙenta ne a gindin itace, don ba a gama gina ɗakin da za a sa injin ba.

Dalilin wannan gaggawa uku ne. Na fari, masu yanka filaye suna bukatar wanda zai yabi garinsu, mutanen nesa su karanta su zo su saya. Na biyu, kowace jam'iyya tana bukatar baki. Na uku, Gwamnati ta kan biya kuɗi a buga mata dokoki da sanarwa, aikin nan kuwa jaridar da ke goyon bayan masu mulki a kan ba. Kuɗin masu saye kaɗai ba ya riƙe jarida a garin da mutanensa ba su kai dubu ba. To, Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Editan bakin iyaka kusan kamar maroƙi ya ke: yana da ubangida, yana yabonsa, yana yi wa abokin gabansa zambo. Ba ya kuwa ɓoyewa, don a zamanin nan ba wanda ke tsammanin jarida ta tsaya tsakani.

Aikin kansa ba ƙaramar wahala ba ce. Kowane baƙi ɗan guntun dalma ne, da siffar harafi a kansa. Mai jerawa ya kan tsaya gaban akwati mai ramuka da yawa, yana tsintar baƙaƙen ɗaya ɗaya, yana jera su layi layi, har shafi ya cika. Sa'an nan a ɗaure shafin cikin ƙarfe, a shafa tawada, a ɗora takarda, a danna. In an gama bugu, sai a warware, a mai da kowane baƙi raminsa, don a yi na mako mai zuwa da shi. Takarda da tawada kuwa daga nesa su ke zuwa. Jirgin ruwa ke kawo su daga St. Louis, ya hau Kogin Missouri har Kansas City, daga nan a ɗora a keken shanu, tafiyar mil 40 zuwa Lawrence. Da hunturu in kogi ya daskare, jirgi ba ya tafiya. Saboda haka wanda ya hallaka wa edita baƙaƙensa da injinsa, ya rufe masa baki na watanni.

GEORGE BROWN DA JARIDARSA

Mai Herald of Freedom sunansa George Washington Brown. An haife shi a shekara ta 1820, ya kuma yi aikin jarida a wani ɗan gari mai suna Conneautville cikin jihar Pennsylvania. Da ya ji labarin Kansas sai ya ƙulla tafiya. Fitowar jaridar ta fari, mai kwanan wata 21 ga Oktoba, 1854, a Pennsylvania aka buga ta, ko da ya ke sunan Kansas ke samanta. Ta biyu ce aka buga a Lawrence, farkon watan Janairu, 1855. Shafi huɗu ce, mako mako ta ke fitowa.

Kamfanin nan na Eli Thayer ya ba Brown rancen kuɗi, shi kuma ya biya da alƙalami. Jaridar ta dinga bayyana kyan ƙasar Kansas, da ni'imarta, da arhar fili, tana gaya wa mai son ƙaura hanyar da zai bi da kayan da zai riƙo. Masu karatunta da yawa ba a Kansas su ke ba, suna can jihohin gabas, editocin can kuma suna kwafar labarinta suna sake bugawa. Ta haka ɗan ɗaki guda a bakin daji ya zama tagar da dubban mutane ke leƙen Kansas ta ciki.

Ba ita kaɗai ce a Lawrence ba. A wannan wata na Janairu waɗansu biyu suka fito, Kansas Free State da Kansas Tribune. Dukansu masu ƙin bauta ne, amma ba su rasa kishi ba. Free State ta kan soki kamfanin Thayer, ta ce Herald bakin kamfani ce kurum.

Babbar abokiyar gabanta kuwa tana garin Atchison, a bakin Kogin Missouri. Sunanta Squatter Sovereign, watau wanda ya zauna a ƙasa shi ke da mulkinta. Ta fara fitowa cikin Fabrairu, 1855, editocinta John Stringfellow da Robert Kelley. Ita a fili ta ke kira a kori masu ƙin bauta, ko da bakin bindiga ne. Jaridun nan biyu suka sa juna gaba. Kowace ta kan ɗauko maganar ɗayar ta buga, don ta nuna wa mutanenta irin mugun halin abokan gaba.

DOKAR RUFE BAKI

Ran 30 ga Maris, 1855, aka yi zaɓen majalisar ƙasar riƙo. Ƙidayar da aka yi kafin nan ta nuna masu ikon jefa ƙuri'a wajen 2,900 ne. Amma da aka ƙirga ƙuri'u sai aka sami fiye da 6,000. Dubban mutane ne suka ƙetaro daga Missouri da bindigoginsu, suka jefa ƙuri'a, suka koma gida. Majalisar da ta fito ta masu son bauta ce, masu ƙin bauta kuwa suka ce ba su san da ita ba, ta jabu ce.

Majalisar nan ta san inda ƙarfin abokan gabanta ya ke. Cikin dokokin da ta yi akwai wadda ta ce, duk wanda ya faɗa, ko ya rubuta, ko ya buga cewa mutum ba shi da ikon mallakar bayi a Kansas, za a ɗaure shi aƙalla shekara biyu da aiki mai tsanani. Dokar ta fara aiki ran 15 ga Satumba, 1855. A wannan rana John Speer, editan Kansas Tribune, ya buga ainihin maganar da aka hana, da manyan baƙaƙe, don kowa ya gani. Herald ma ba ta fasa ba. Shi kuwa Robert Kelley, ban da aikin edita shi ne mai gidan waya na Atchison. Da kofen Herald suka iso hannunsa sai ya ƙi raba su, ya mayar wa Brown.

Abin bai tsaya a takarda ba. Cikin Afrilu, 1855, taron mutane suka jefa injin wata jarida ta garin Parkville, a Missouri, cikin kogi, don ta soki maguɗin zaɓen nan. Cikin Disamba aka yi wa wata ta Leavenworth haka nan. Masu ƙin bauta kuma suka taru a Topeka, suka rubuta nasu tsarin mulki, suka zaɓi nasu Gwamna, Charles Robinson. Ƙasa ɗaya, gwamnati biyu.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa, don kada a ɗauki ɓangare guda waliyyai. Da yawa cikin masu ƙin bauta ba don tausayin bayi su ke ƙinta ba, suna gudun kada manomi talaka ya yi gasa da mai bayi ne. A ƙuri'ar da suka yi cikin Disamba, 1855, mafi yawansu sun zaɓi a hana baƙar fata zama a Kansas, ko da 'yantattu ne.

RAN 21 GA MAYU

Cikin Afrilu, 1856, shugaban 'yan doka na gundumar, Samuel Jones, mai goyon bayan bauta, ya shiga Lawrence kama waɗansu mutane. Da dare wani ya harbe shi daga duhu. Rauni ya yi, bai mutu ba, amma jaridun masu son bauta suka baza cewa an kashe shi, suka yi kiran a ɗau fansa. Cikin watan Mayu kotun Joji Samuel Lecompte ta tuhumi shugabannin masu ƙin bauta da cin amanar ƙasa, Brown yana cikinsu. Masu binciken kotun suka ƙara da cewa Herald of Freedom, da Kansas Free State, da babban masaukin baƙi na Lawrence, duk abin cutarwa ne ga jama'a, ya kamata a kawar da su. Aka kama Brown, aka kai shi kusa da Lecompton, inda gwamnatin ƙasar riƙo ta ke, sojan Tarayya suna gadinsa tare da Robinson da waɗansu.

Ran 21 ga Mayu, da safe, mutanen Lawrence suka ga mahaya sun cika tudun da ke bisa garin, wajen mutum 800, har da igwa. Shugabannin gari suka shawarta kada kowa ya ɗaga hannu, don kada a ce sun yi wa Gwamnatin Tarayya tawaye. Sai ga Jones, wanda aka ce ya mutu, a kan doki, shi ne ja-gaba. Suka shiga gari, suka nufi ofisoshin jaridun nan biyu. Suka farfasa injuna da guduma, suka yayyaga takardu da littattafai, suka kwashi baƙaƙe suka watsa a titi, waɗansu suka zuba a kogi. Sa'an nan suka juya kan masaukin baƙi, suka yi ta harbinsa da igwa, ya ƙi faɗuwa, suka sa masa wuta. Suka ƙone gidan Robinson, suka washe kantuna.

Mutum ɗaya ne ya mutu ran nan, shi ma daga cikin maharan ne, ɓaraguzan gini suka faɗo masa. Amma labarin da ya fara isa jaridun gabas cewa ya yi an ragargaza Lawrence an karkashe mutane. Yadda waɗancan suka kashe Jones a takarda, haka waɗannan suka kashe mutanen Lawrence a takarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ana wata ga wata. Kashegari, a cikin Majalisar Dattawa, wani wakili daga kudu mai suna Preston Brooks ya yi wa Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda, saboda jawabin da ya yi a kan Kansas. Bayan kwana biyu kuma wani dattijo mai zafin ƙin bauta, John Brown, wanda ba danginsu ɗaya da editan ba, sunan ne kurum ya zo ɗaya, ya fita da dare da 'ya'yansa da waɗansu, suka kashe mutum biyar a bakin rafin Pottawatomie. Daga nan ƙasa ta rikice, hari da ramuwar hari, har jaridun gabas suka laƙaba mata suna Kansas Mai Zub da Jini.

SABON BUGU

Mutanen Lawrence suka tsince abin da ya rage na baƙaƙen dalma. Cikin watan Agusta suka ƙwato wata igwa daga hannun abokan gaba, amma ba su da abin harbawa. Sai suka narka baƙaƙen nan, suka zuba dunƙule dunƙule. Ran 16 ga Agusta, 1856, suka kai hari gidan katako na wani jagoran masu son bauta, Kanar Henry Titus, kusa da Lecompton, suka ci gidan, suka kama shi. Ana ba da labari cewa da aka harba igwar, mai harbin ya ce wannan shi ne sabon bugu na Herald of Freedom. Maganar ta ba mutane dariya, ta yi ta yawo a baki. Amma in an duba, abin baƙin ciki ne: dalmar da aka yi don a rinjayi mutum da hujja, ita ce ta koma abin fasa gidansa.

Cikin Satumba sabon Gwamna, John Geary, ya iso, ya kori taron masu bindiga na kowane ɓangare, aka kuma ba da belin Brown da 'yan'uwansa. Masu goyon baya a arewa suka taimaka da kuɗi, aka sayo sababbin kayan aiki. Farkon watan Nuwamba, 1856, Herald of Freedom ta sake fitowa. Waɗanda suka farfasa ta, ashe talla suka yi mata. Mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba yanzu sun ji, an kuma ɗauki editanta gwarzon da aka tsare saboda gaskiya. Ba ta taɓa samun daraja kamar ta wannan lokaci ba.

BANGO YA TSAGE

To, daga nan ne fa al'amari ya juya. Masu ƙin bauta suka rabu biyu. Waɗansu suka ce gwamnatin Lecompton ta jabu ce, ba ruwansu da zaɓenta, in ta kama a yi faɗa a yi. Waɗansu kuwa suka ce, ai yanzu mun fi su yawa, baƙi suna ta kwararowa daga arewa, mu shiga zaɓe mu ci su da ƙuri'a. Brown ya tsaya da ƙarfi a wajen na biyun. Ya goyi bayan Geary, da wanda ya gaje shi a 1857, Robert Walker, ko da ya ke dukansu gwamnatin jam'iyyar Democrat ce ta naɗa su, ita ce kuwa jam'iyyar da masu bayi suka fi ƙarfi a cikinta. Ya kuma dinga sukar masu kai hari da sunan 'yanci.

Shawarar shiga zaɓe ta yi amfani. Cikin Oktoba, 1857, aka yi zaɓe. Masu son bauta suka sake gwada maguɗi. Daga wani ɗan ƙauye mai suna Oxford, wanda gidajensa ba su taka kara sun karya ba, aka kawo ƙuri'a fiye da 1,600, aka kuwa gano sunayen daga littafin sunayen mutanen birnin Cincinnati aka kwafo su. Gwamna Walker ya yi watsi da su, masu ƙin bauta suka ci majalisa. Cikin Agusta, 1858, aka kawo wa jama'a tsarin mulkin da masu son bauta suka rubuta a Lecompton, suka ƙi shi da ƙuri'a 11,300, masu so kuwa 1,788.

Amma Brown bai ci ribar wannan ba. Masu zafin ra'ayi, musamman samarin da ke aika wa jaridun gabas labari, suka zarge shi da cewa gwamnoni sun saye shi. Shi ma kuwa ba shi da sanyin baki, ya kan rama da zagi, har ya ɓata da mutane da yawa waɗanda dā abokansa ne. Ga shi kuma ya sa hannu cikin harkar filaye, yana cikin waɗanda suka kafa garin Emporia a 1857, wannan ya ba masu zargi abin faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin Mayu, 1857, wata sabuwar jarida ta fito a garin, Lawrence Republican, tana faɗin abin da masu zafi ke son ji. A shekarar nan kuma kasuwa ta faɗi a Amurka duka, kuɗi ya yi wuya. Da faɗa ya lafa, mutanen gabas suka rage ɗokin labarin Kansas. A 1859 aka kafa jam'iyyar Republican a ƙasar, yawancin masu ƙin bauta suka shige ta, tsohuwar ƙungiyar da Herald ta tashi a cikinta ta watse.

Ba wanda ya sake zuwa da guduma. Mutane dai suka daina saye. Ran 29 ga Janairu, 1861, Kansas ta zama jiha ta 34, jihar da ba bauta. Abin da aka kafa jaridar dominsa ke nan, amma ran nan ba ta nan balle ta buga labarin, ta riga ta daina fitowa.

Abokiyar gabanta ma ƙarshenta abin lura ne. A shekara ta 1857, da masu Squatter Sovereign suka ga iska ta juya, sai suka sayar da ita ga masu ƙin bauta. A 1858 wani saurayi, John Martin, ya saye ta, ya sake mata suna Freedom's Champion, watau Barden 'Yanci. Jaridar da jiya ke kiran a kori masu ƙin bauta, yau ita ce bakinsu. Martin kuwa daga baya har ya zama Gwamnan Kansas. Shi Brown ya bar ƙasar, ya zauna a Rockford cikin jihar Illinois, ya koma aikin likita. Bai daina jayayya ba, a 1880 ya fitar da littafi yana sukar John Brown a kan kisan Pottawatomie. Ya rasu a shekara ta 1915. Bauta kuwa ba ta ƙare a Amurka ba sai bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865.

ABIN DA YA RAGE

A shekara ta 1875 editocin jaridun Kansas suka kafa ƙungiyar adana tarihin jihar, suka shiga tara tsofaffin jaridu a Topeka. Da na masu son bauta da na masu ƙinta duk aka adana, waɗanda dā ba su ga maciji da juna suka kwanta ɗaki ɗaya. Masana tarihi su kan shimfiɗa su gefe da gefe, su ga abin da wannan ta faɗa, da abin da waccan ta ɓoye. Wani masani da ya bi diddigi a 1995 ya sami mutum 56 da ya tabbata rigimar bauta ce ta kashe su a Kansas cikin shekarun riƙo. Rai 56 ba kaɗan ba ne, amma wanda ya karanta jaridun zamanin nan kaɗai zai zaci sun ninka haka sau da yawa.

Wannan ba ya nufin ɓangarorin biyu duk ɗaya ne. Ɗaya yana so a ci gaba da sayar da ɗan Adam kamar dabba, ɗaya yana so a hana, a nan gaskiya tana wajen Herald of Freedom. Amma mai gaskiya ma ya kan ƙara gishiri, ya kan kuma yi shiru a kan laifin nasa. Ga shi kuma ranar da jaridar ta faɗi abin da waɗansu mutanenta ba su so, ko da ya ke shawarar ta fitar da su, ranar suka soma juya mata baya. Jaridar jam'iyya ba ta tsoron gudumar abokin gaba kamar yadda ta ke tsoron fushin 'yan gida, shi ya sa sau da yawa ta kan zaɓi faɗin abin da za a yi mata tafi.

Saboda haka wanda Allah ya ba shi sanin karatu, in jarida ta zo hannunsa, yana da kyau ya tambayi kansa abu uku: wa ya rubuta, wa ke ciyar da shi, me kuma ɗaya ɓangaren ya ce? Magana ba ta zama gaskiya don an buga ta da inji. Alƙali na ƙwarai ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin mai ƙara da wanda aka yi ƙara, mai karatu kuwa alƙali ne a kan abin da ya karanta.